Hukuncin rigar kariyar shugaban ƙasa da gwamnoni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna ta gardama a majalisarmu a kan rigar kariya da doka ta bai wa shugaban ƙasa da gwamnoni, wadda ta hana a kai su kotu suna kan mulki. Shin Musulunci ya yarda da wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abin da kake nufi shi ne sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamna da mataimakinsa, har sai sun sauka.

Asali a shari'a babu wanda ya fi ƙarfin hukunci. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama bin Zaid ya nema mata ceto. Fuskar Annabi (SAW) ta sauya, ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Ya kuma rantse cewa da Fatima 'yarsa ce ta yi, da ya yanke hannunta. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sayyidina Umar kuwa yakan binciki dukiyar gwamnoninsa suna kan aiki, idan ya ga ta ƙaru fiye da kima ya raba ta biyu, rabi ya koma baitulmali.

Malaman Hanafiyya sun ce ba a tsayar wa babban shugaba haddin da yake haƙƙin Allah ne tsantsa, saboda babu wani a samansa da zai zartar. Amma ko su sun ce idan ya zubar da jini ko ya ci dukiyar wani, dole a karɓi haƙƙin daga gare shi. Kuma maganarsu ba ta shafi gwamna ba, tunda akwai hukuma a samansa.

A yi adalci, sashen bai yafe laifi ba, jinkirta shari'a ya yi. Kotun Ƙoli ta yanke a 2002 cewa ana iya bincikar gwamna yana kan kujera, majalisa kuma tana iya tsige shi, kamar yadda aka yi wa Balarabe Musa a Kaduna a 1981. Hujjar masu dokar ita ce kada 'yan adawa su cika shugaba da ƙararraki ya kasa aiki, wannan kuwa maslaha ce da shari'a ke dubawa.

Sai dai dubi yadda jinkirin ke ƙarewa. Gwamna Joshua Dariye na Filato da Gwamna Jolly Nyame na Taraba sun sauka a 2007, ba a yanke musu hukunci ba sai 2018, a 2022 kuma aka yi musu afuwa. Kafin nan, nawa ne aka binne daga cikin talakawan da aka ci haƙƙinsu? Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Don haka abin da na fahimta: kare shugaba daga ƙararrakin banza na ɗan lokaci ya halatta. Amma kariya a kan jini da dukiyar al'umma ba ta da gurbi a shari'a, kuma haramun ne shugaba ya fake da ita ya ci amana, ko da kotu ba ta taɓa shi ba. Ku nemi wakilanku a majalisa su gyara sashen ta hanyar da doka ta tanada, ba tare da tayar da fitina ba.

Wallahu a'alam.