Abin da ya kai mu ɗakin tsofaffin takardu a Kentucky

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da su Hajiya da yara.

Tun ranar da na turo maka hotonmu a ɗakin tsofaffin takardu kake yi mini tsiya. Wai me ya yi zafi haka, mutum ya ɗauki hutun aiki, ya ƙona man tafiyar awa huɗu, don kawai ya je ya shaƙi ƙurar takardun wanda ya rasu shekara ɗari da ɗoriya? Ka ce a gida idan ana son sanin kakan kaka sai a durƙusa gaban tsohuwa, ko a kira maroƙin gidan ya jero su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyarka. Ni ma farkon zuwana na ɗauki abin aikin wanda ya ƙoshi ne. Zama cikin dangin uwargida, waɗanda baƙaƙen Amurka ne, shi ya sauya mini tunani.

Baƙaƙen Amurka bauta ce ta tsinke musu wannan igiyar da mu muke taƙama da ita. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bawa. A ƙarƙashin sunan ubangidansa sai a sa shekarunsa, namiji ne ko mace, da launin fatarsa, shi ke nan. Sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Don haka duk mai bin asali idan ya komo baya ya iso 1870 sai ya tsaya cik, su da kansu bango suke kiran wurin. Wanda Allah ya taimaka kakansa ya yi soja, shi ne ke samun ƙofa.

A yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, baƙaƙe kusan 180,000 ne suka shiga sojan gwamnatin tarayya. Daga Kentucky kaɗai, jihar kakannin uwargida, sun haura 23,000. Dalilin kuwa, Kentucky ba ta ɓalle daga tarayyar ba, saboda haka sanarwar 'yanta bayi da Shugaba Lincoln ya yi a 1863 ba ta shafe ta ba. Bawa a can idan yana son 'yanci, sai dai ya sulale ya kai kansa barikin soja. Babban barikin shi ne Camp Nelson, inda mata da yara suka riƙa bin mazajensu. A Nuwamban 1864, ana tsakiyar sanyi, aka kori kimanin 400 daga cikinsu, fiye da 100 suka mutu. Sai a Maris na 1865 majalisa ta 'yanta matan sojojin da 'ya'yansu.

To ga inda fansho ya shigo. A wancan zamanin matar sojan da ya rasu tana da dala 8 a wata, amma sai ta tabbatar wa hukuma cewa ita matarsa ce. Da me za ta tabbatar, alhali auren bayi doka ba ta san da shi ba? Ba takarda, ba rajista. Dole ta kawo shaidu. Wani lokaci ofishin fansho ya turo mai bincike har ƙauye, ya zaunar da tsofaffi, ya rantsar da su, ya rubuta abin da suka faɗa.

Fayil ɗin kakan kakan uwargida yana ma'adanar tarihi ta ƙasa a Washington, muka biya aka aiko mana da kwafi. Na zauna da shi bayan sallar isha'i, ban tashi ba sai da dare ya raba. Wata tsohuwa tana cewa tana wajen ranar da aka haɗa su aure a gonar ubangidansu, kuma ita ta karɓi haihuwar ɗansu na fari, lokacin yankan taba. Wani abokin yaƙinsa yana bayanin tarin da ya kama shi a bariki bai sake shi ba har ya koma ga Allah. Ba wanda ya iya sa hannu a cikinsu, kowa alamar gicciye ya yi, magatakarda ya rubuta sunansa a gefe. Yaya, wallahi kamar ina zaune a tsakar gidanmu Hajiya tana ba da labarin mutanen da. Abin da kake cewa a je a tambayi tsohuwa, shi ɗin ne a cikin fayil ɗin, sai dai gwamnati ce ta yi tambayar, don tana tsoron kada a ci mata dala takwas.

A nan ne ma muka warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa dangin kai. Sun yi shekaru suna neman mutumin a jerin sojoji ba su gan shi ba. Ashe da sunan ubangidansa aka ɗauke shi soja, bayan yaƙi ya yar da shi ya koma amsa sunan mahaifinsa. Hukuma ta ga suna biyu ta ce mutum biyu ne, sai da matar ta tara shaidu a kan wannan ma.

Sunan ubangidan shi ya kai mu kaunti. Kaunti kamar ƙaramar hukuma ce a wajenmu, Kentucky tana da guda 120, kuma a ofishin magatakardan kowace ake ajiye rajistar aure, cinikin filaye, wasiyya da rabon gado. Zuwanmu na farko asarar mai muka yi: wanda ya amsa mana waya ya ce littattafan suna nan, da muka iso aka ce na shekarun da muke nema sun ƙone tun da daɗewa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a jihohin kudu. Aka yi sa'a a wancan zamanin gonar tana cikin kauntin da ke maƙwabtaka, kafin a sake shata iyaka. Can aka fito mana da wani ƙaton littafi mai bangon fata, sai da hannu biyu. A shafin rabon gadon ubangidan, bayan dawakai da garma da gadaje, ga sunan kakan nata, yana yaro ɗan shekara tara, da kuɗinsa a gefe. Uwargida ta ɗora yatsa a kan layin ta daɗe ba ta ce komai ba. Hoton da ka gani, jim kaɗan bayan nan aka ɗauke shi.

Kada ka ɗauka abin na mutum ɗaya ne. Kowace bazara dangin suna taro, a ɗinka riguna iri ɗaya kamar ankon biki, a kama wuri a yi kwana biyu ana ci ana sha. Bana wata gwaggonsu mai shekara sama da 80 ta miƙe ta karanta shaidar tsohuwar nan da ƙarfi, yara suka yi tsit. Ɗanmu babba kuwa cewa ya yi shi yanzu ta wajen uwa ya fi sanin asalinsa, abin da ya ɗan sosa mini rai.

Wani abin da zai ba ka mamaki: a cikin sojojin nan har da mutumin Borno. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne. Aka kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi hamada, ya bi ta ƙasar Turkiyya da Rasha da Turai, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts.

Maganar ɗan namu ce ta tuna mini da Baba Soja, ƙanen kakanmu da ya je yaƙin Bama (Burma). Ban san lambarsa ba, ban san bataliyarsa ba, abin da na riƙe kawai wandon kakinsa da yadda yake buga ƙasa idan mun dame shi. Don Allah ka duba akwatin ƙarfen nan na ɗakin Hajiya, ko littafin sallamarsa yana ciki. Idan ka samu lamba, sai mu gwada ma'adanar tarihi ta Kaduna. Kuma idan ka je gaishe ta ranar Juma'a, ka ajiye waya a gefen tabarma ka kunna rikoda, ka jawo mata hirarsa. Kada dai ka ce mata ni na aiko ka, don za ta fara da faɗan rashin zuwana.