Amsa ga 'yata kan zagayen ɗakuna a jirgin ruwa

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Saƙonki ya iso, kuma na karanta shi a natse. Kin ce a tafiyar mako guda da za ku yi a Bahar Rum cikin jirgin shaƙatawa na MSC World Europa, wanda zai ɗauke ku daga Barselona, wasu abokan tafiya da kuka riga kuka san juna sun roƙe ki ki shirya musu zagayen ɗakuna, wato a taru rana ɗaya a shiga ɗakin wannan a shiga na wancan, kowa ya ga irin masaukin da ɗan'uwansa ya samu. Kina tambaya ko hakan ya dace da tarbiyyarmu, kuma idan ya dace, yaya za ki tsara shi ba tare da an taɓa mutuncin kowa ba.

Shawarata ita ce ki karɓa, amma ki san nauyin da kika ɗauka. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin kin taso kin ga yadda mata ke zuwa ganin ɗaki bayan an kai amarya, su duba jere, su yaba gado da labule da kwanuka, su ce Allah ya sanya alheri, su fita. Sai dai ɗakin amarya an shirya shi ne domin a gani, masu shiga kuma mata ne 'yan'uwa da maƙwabta, kuma duk da haka kin san irin tsegumin da kan biyo baya, na uban wance ya yi ƙoƙari, na wance kuwa bai taɓuka komai ba. A jirgi mutanen da za su shiga maza ne da mata daga ƙasashe dabam-dabam, waɗanda jiya-jiya aka san su, ɗakin kuma shi ne inda mai shi yake kwana, yake tuɓe kaya, yake ajiye fasfonsa da magungunansa.

Ban raina dalilin da ya sa matafiya suka ɗauki wannan al'ada ba, domin akwai amfani a cikinta. Jirgin da za ku hau yana da tsawon mita 333 da ɗakuna sama da 2,600, har ma a shekarar 2022 an girke shi a Doha ya zama masaukin baƙi lokacin gasar cin kofin duniya. Ɗakunan nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ciki da ba su da ko taga, waɗanda faɗinsu bai wuce murabba'in mita 15 ko kusa da haka ba, akwai masu tagar da ba a buɗewa, akwai masu baranda, sannan akwai manya masu falo. Hoton da kamfani ke nunawa ba zai gaya wa mutum cewa ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninkaya ana jin jan kujeru a samansa tun da asuba ba, ko cewa ɗakunan goshin jirgi da na hawa na sama sun fi jin tangaɗi idan teku ta motsa, alhali na tsakiya da ke ƙasa sun fi natsuwa. Wanda ya kwana a ɗakin shi zai faɗa, wanda ya ji kuma zai san abin da zai kama a tafiya ta gaba.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne batun izini. A gidajenmu magabata sun gina zaure ne domin baƙo ya tsaya a nan, ya yi sallama, a ba mutanen gida damar kintsawa kafin a ce ya shigo, ko kuma maigida ya fito su gama maganarsu a waje. Ɗakin jirgi ba shi da wannan tazara. Ana buɗe ƙofa ido ya faɗa kan gado, banɗaki kuma yana nan dab da bakin ƙofar. Saboda haka aikin da zaure ke yi a gida, tsarinki ne zai yi shi a can. Kin san aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, aya ta 28 kuma ta ce idan aka ce mu koma, to mu koma. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, neman izini sau uku ne, idan ba a amsa ba mutum ya juya, kuma a wani hadisin an bayyana cewa saboda gani aka shar'anta neman izinin. Tunda wannan zagaye gaba ɗayansa gani ne, dole izinin ya zama cikakke, na wanda ya san abin da ya amince da shi.

Don haka kada ki tambayi kowa a gaban jama'a ko zai buɗe ɗakinsa, domin kunya za ta sa wani ya ce to alhali zuciyarsa ba ta so. Ki sanar gaba ɗaya cewa mai sha'awar karɓar baƙi ya same ki shi kaɗai, kuma ki faɗa a fili cewa mutum na iya bin zagayen ba tare da ya nuna nasa ba. Idan mata da miji ne a ɗakin, sai kin ji daga bakin su biyun, haka nan idan ƙawaye biyu ne suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya, amincewar ɗaya ba ta wadatar. Wanda ya amsa jiya ya janye yau, ki share lambarsa daga takarda ba tare da kin nemi dalili ba, kuma kada ki bari wani ya tambaye shi. Macen da ke tafiya ita kaɗai kuwa, ni da ita ce ba zan buɗe ba, domin da zarar an gama zagayen mutum ashirin sun san ƙofarta, kuma ba ki san zuciyar kowa ba. Idan ta nace tana so, ki tsaya tare da ita daga shigar na farko har fitar na ƙarshe. Ke ma naki ɗakin, kada ya shiga lissafi sai da yardar maigidanki, kuma yana tsaye a ciki lokacin da maza za su shigo.

Lambobin ɗakunan ma amana ne. Kada ki haɗa suna da lamba ki baza a wayoyin mutane tun kafin ranar. Ki rubuta jerin a takarda ɗaya ki riƙe a hannunki, ki sa a haɗu a wani wurin zama na kowa da kowa, daga nan ke ce jagora. Ki tuna wa masu karɓar baƙi su saka fasfo da kuɗi da gwal a ƙaramin akwatin ƙarfe mai lamba da ke cikin kabad, ba don ana zargin wani ba, sai don kada wani abu ya ɓace daga baya zargi ya faɗa kan mutanen kirki.

Game da lokaci, jadawalin da kika aiko mini ya nuna za ku tsaya a Marsel, Jenowa, Napoli, Mesina da Baleta ta ƙasar Malta, sannan ku yini guda a teku kafin ku koma Barselona. Wannan yinin shi kaɗai ya dace, tunda a sauran ranakun kowa na sauka yawon gari ya dawo a gajiye. Amma ki lura cewa shi ne yininku na ƙarshe, kuma a daren ne ake fitar da akwatuna bakin ƙofa domin ma'aikata su kwashe, saboda haka da yamma ta yi ɗakuna za su hargitse da haɗa kaya. Da safe kuma masu gyaran ɗaki na kan aikinsu, kekunansu na tawul da zannuwan gado sun tare hanya. Tsakar rana lokacin hutu ne, yana ma cikin lokuta uku da aya ta 58 ta Suratun Nur ta keɓe domin neman izini. Na fi ganin ki sa ƙarfe uku, bayan an ci abinci an yi azahar an ɗan miƙe, a watse kafin biyar. Ɗaki takwas ya isa, kowanne minti biyar zuwa bakwai, domin tafiyar da ke tsakaninsu ita ce mai cin lokaci.

Wasu za su ba ki shawarar a fara da ƙaramin ɗaki a ƙare da mafi girma, wai don abin ya yi armashi. Kada ki yarda. Wannan jeri ne na aljihu, kuma kowa zai gane, musamman dattijon da ya daɗe yana tara kuɗin wannan tafiya ya kama ɗakin da ba shi da taga. Ki bi tsarin jirgin kawai: ku hau lif zuwa hawa mafi tsayi a jerinku, ku riƙa saukowa ta matakala, kuna gama ɗakunan gaba kafin na baya, ta yadda babba da ƙarami za su cakuɗe. Ki bi hanyar da ƙafarki kwana ɗaya kafin ranar, domin jiragen wannan kamfani galibi ba su da hawa mai lamba 17, saboda Italiyawa suna camfa lambar, kuma sashen alfarma da suke kira Yacht Club a kulle yake, ba a shiga sai da katin mazauna cikinsa. Idan wani daga can ya yi tayin nuna ɗakinsa, shi zai nemi yardar ma'aikatan sashen tukuna. Tsofaffi da masu keken guragu ki ware musu mutum ɗaya da zai bi lif tare da su, kuma kada a shiga ɗaki na gaba sai sun iso.

A bakin kowace ƙofa ke za ki ƙwanƙwasa ki yi sallama, ko da mai ɗakin yana tare da ku a zagayen. Ki bar shi ya fara shiga shi kaɗai ya duba, ya fito ya ce bismillah. A shiga huɗu-huɗu ko biyar-biyar, sauran su jira a jikin bango ba tare da hayaniya ba, saboda maƙwabta da ke barci ba su amince da komai ba. Akwai wani abu da na gani da idona wanda nake so ki kiyaye: idan ƙofar baranda tana buɗe aka buɗe ta shigowa, iskar teku kan ratsa ɗakin da ƙarfi, ta kwashe takardu, ta maka ƙofar mai nauyi, kuma yatsan yaro ba zai tsira ba idan yana jikinta. A rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya, kuma kada a bar yaro ya taka kujera a baranda.

Kafin a tashi daga wurin haɗuwa, ki faɗi ladubban shiga a taƙaice cikin fara'a, domin ba kowa ya taso da su ba. Ba a zama a kan gadon mutane, ba a buɗe kabad ko leƙa banɗaki sai mai ɗakin ya buɗe da hannunsa, ba a ɗaukar hoto sai an tambaya, wanda kuma yake salla a ɗakinsa yana da damar cewa a tuɓe takalma a bakin ƙofa. Mafi muhimmanci, ba a tambayar nawa aka biya. A waɗannan jirage mutum biyu kan kama ɗaki iri ɗaya a farashi mabambanta, gwargwadon lokacin da kowa ya saya, kuma wannan tambaya kan bar ɗaya da cizon yatsa har ƙarshen tafiyar. Mai son sani ya tambaya daga baya su biyu. Idan aka shiga ƙaramin ɗaki aka yi tsit, ke za ki fara magana, ki tambayi mai shi abin da ya ji daɗinsa, za ki ji ya ce bai taɓa samun barci mai nauyi irin na ɗakin da hasken safiya ba ya shiga ba, daga nan sai hira ta ɓarke.

Sai batun abin da ake tarbar baƙi da shi. A wasu zagayen Turawa kan ajiye giya a kowane ɗaki, wasu kuma kan haɗa kuɗi, a ba kowa katin karta ɗaya a kowace ƙofa, wanda ya fi hannu mai kyau a ƙarshe ya kwashe. Wannan caca ce ko da kuɗin kaɗan ne, kuma tunda ke ce mai shiryawa, tun farko za ki ce naki zagayen babu giya babu sa kuɗi. Ki faɗa sau ɗaya ba tare da wa'azi ba, wanda bai gamsu ba yana iya shirya nasa. Dabino da alewa mai leda sun wadatar, kuma kada ki wajabta wa kowa ajiye wani abu, shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma. Na san za ki so ki ɗanɗana musu kilishi, to ki haƙura, domin tun 2021 an hana matafiyi daga Ingila shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara. Turaren wuta kuma kada ma ki saka shi a akwati. Ba a yarda da garwashi ko kyandir ko duk wani abu mai ci da wuta a ɗakunan jirgi ba, na'urar gano hayaƙi tana nan a rufin, kuma gobara ita ce abin da ma'aikatan teku suka fi tsoro. Humrarki da turaren fesawa za su yi aikin.

Wanda ya tashi da ciwon ciki ko amai ko mura a ranar, ya zauna a ɗakinsa, idan kuma yana cikin masu karɓar baƙi a tsallake shi, domin cutar gudawa tana saurin yaɗuwa a jirgi, kuma man goge hannu ba ya kashe ƙwayarta kamar yadda wanki da sabulu ke kawar da ita. Ki leƙa teburin kula da fasinjoji ki shaida musu shirinku tun da wuri. Ki kuma gaya wa ma'aikacin da ke gyara ɗakinku cewa za ki yi baƙi, bayan an watse ki tattara ledojin alewa da kofuna da kanki, ki miƙa masa ɗan tukuici a hannu ban da wanda kamfani ke cira, domin a ranar ƙarshe aikinsa ninki biyu ne.

Ki gaishe mini da maigidan da yaran. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Gwaggonki