Amsa: In canja bututun birkin Hilux da kaina ko in kai gareji?

Malam, ka ce bututun birkinka ya yi tsatsa yana yoyon mai, kana gudun kuɗin aiki. In tiyon roba ne na bayan taya, za ka iya, abin da kake buƙata shi ne: sifana, sabon tiyo, da man birki irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4. Amma na ƙarfe sai an buɗa bakinsa da na'ura, ya ɗan karkace kuwa ɗiga zai yi ta yi. Wannan kai wa mai gyaran birki, ba kowane bakanike ba. Bayan canjin sai an fitar da iskar da ta shiga bututun, wannan kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya na taka birki, ɗaya na sassauta notin fitar da iska, har kumfa ta daina fitowa.