Tambaya da amsa: Na tsinci tsohuwar Sega a sito, in zubar ko in ajiye?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin wannan makon guda huɗu na ware saboda duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar tsofaffin gem musamman Sega. Masu ƙorafin waya tana zafi da masu batir mai saurin sauka ku yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Kano: Salam malam, dan Allah muna gyaran sito a gidanmu sai na tsinci tsohuwar Sega ta yayana irin bakar nan mai kaset, da hannu biyu da kaset wajen goma wasu duk takardar jikinsu ta goge. Bansan ko tana yi ba. In bawa yan gwangwan ne ko tana da wani amfani?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ba 'yan gwangwan, kuma kar ka yi saurin jona ta a wuta, wannan na biyun ma ya fi damuna. Abin da ka tsinta sunanta Mega Drive, kamfanin Sega ya fitar da ita a Japan a 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, Turai kuma sai 1990. Saboda haka akwai ta Japan akwai ta Amurka akwai ta Turai, kuma adaftar Japan da ta Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin 100 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce, kana sokawa sai dai ka ji ƙauri. Ka juya bayan adaftar ka karanta tukuna. In adaftar ta ɓata kar ka ɗauko ta rediyo ko ta dikoda don kawai bakinta ya shiga, samfurin farko mai faɗin nan mai wajen saka iyafis a gaba tsakiyar bakin adaftarsa negatif ne, ƙaramin samfuri na biyu kuma fozitif, in ka juya musu kana iya ƙona ta. Gara ka kai wa mai gyara ya auna maka da mita.

Kaset ɗin kuma a daina hura musu iska da baki kamar yadda muka saba muna yara, danshin numfashi ne ke sa haƙoran su yi tsatsa. Ka samu auduga ka ɗan jiƙa da sifirit ka goge layin haƙoran nan masu ruwan gwal har sai audugar ta daina yin baƙi, ka bari ya bushe.

Maganar kuɗi kuwa ba zan yaudare ka ba, an sayar da Mega Drive kimanin miliyan 30 a duniya, ba wani abu ba ne mai wuyar samu da za ka ce ka tsinci dami a kala. Abin dubawa shi ne kaset ɗin. Duk wanda ka ga takardarsa da rubutun hannu ko bugun tafireta, ko sunan gem ɗin bai yi kama da wanda aka sani ba, ko irin jabun nan masu gem da yawa a kaset ɗaya, ka ware shi gefe. Dalilin yana cikin amsoshin da ke gaba.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Zariya: Malam na ga ana cewa wai akwai masu adana tarihin Sega a intanet, to ba aikin kamfanin bane? Meye nasu a ciki?

To Hajiya ai da kamfanoni suna yi da babu wanda zai wahalar da kansa. A 2023 wata ƙungiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa, ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin ta kowace hanya ta kamfani. Kamfani abin da zai kawo kuɗi yake sake fitarwa, Sega ta yi ƙaramar Mega Drive Mini a 2019 da gem 42 a ciki, alhali gem ɗin na'urar sun kai ɗaruruwa, kuma a Disamba 2024 ita da kanta ta janye tsofaffin gem ɗinta da dama daga Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet. Kin ga ke nan yau akwai gobe babu.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Sega Channel. Tun a 1994, lokacin yawancin mutane ko jin sunan intanet ba su yi ba, Sega ta haɗa kai da kamfanonin talabijin na kebul a Amurka, TCI da Time Warner, kana biyan kuɗin wata sai a ba ka wata na'ura da kake sokawa a ramin kaset, ka jona mata wayar kebul, gem wajen 50 suna ta zagayawa a cikin siginar ba tsayawa, ka zaɓi wanda kake so na'urar ta jira ya zagayo ta cafke shi. Matsalar ita ce a ƙwaƙwalwar wucin gadi take ajiye shi, kana kashe Sega ɗin ya tafi. Aka rufe tashar a ƙarshen Yulin 1998. To akwai gem da sigogin gem da ba a taɓa buga su a kaset ba, ta wannan tashar kaɗai suka fita, da aka kashe siginar sai ya zama babu kaset ɗin da za a je a nemo a gwanjo, mutane suna tuna sun buga amma babu hujja. Shekara sama da ashirin ana jin labarin wasu ƙarin matakai na gem ɗin Garfield da aka ce a tashar kaɗai aka sake su, wasu ma har sun fara cewa ƙarya ce. Sai a ƙarshen 2025 ƙungiyar nan ta Video Game History Foundation ta sanar cewa ta kwato fayil sama da 100 na Sega Channel daga tsofaffin tef na ajiyar bayanai da wani ya ɓoye tun wancan zamanin, da taimakon Michael Shorrock wanda ya taɓa zama babba a sashen shirye-shiryen tashar, kuma matakan Garfield ɗin suna ciki. Wato abin da ya ceci wannan tarihin wani mutum ne da bai zubar da tarkacen ofis ba.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai Hidden Palace, su aikinsu farautar gem na gwaji, wato sigar da ma'aikata ke gwadawa kafin a kai kasuwa. A Fabrairun 2008 suka saki irin waɗannan sama da 1000 na Sega a lokaci ɗaya, kuma a ranar farko ta 2021 suka fito da sigar gwaji ta Sonic na farko wadda aka daɗe ana nema. Irin waɗannan kaset na gwaji su ne ake gaggawa a kansu, domin kaset na kasuwa an dasa bayanansa ne a cikin cip tun daga masana'anta yana iya daɗewa sosai, na gwaji kuwa a kan cip mai gogewa ake rubuta shi, wanda za ki ga yana da ɗan tagar gilashi an manne da sitika, cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa a hankali da shekaru, hasken rana ma yana goge shi. Sannan ga Sega Retro, kundi ne da 'yan sa kai suke cikawa da hotunan kwalaye, littattafan bayani, tallace-tallacen mujallu da lambobin samfuri na ƙasa ƙasa. Har tabarau na Sega VR, irin wanda ake sawa a ga kamar ana cikin gem ɗin, da kamfanin ya nuna a 1993 ya fasa fitarwa, a 2020 an samo ainihin rubutun manhajar wani gem nasa mai suna Nuclear Rush a wani tsohon faifan CD, Rich Whitehouse ya zauna ya tayar da shi har ya yi aiki a tabarau na zamani.

Yawancinsu ba albashi ake biyansu ba, wasu ma kuɗin aljihunsu suke haɗawa su sayi kaset ɗaya mai tsada don kawai a kwafe a saki kyauta. Akwai kuma masu saye su kulle a akwati don kar darajar kayansu ta faɗi, waɗannan kam ban ga abin yabo a wajensu ba, in cip ɗin ya mutu a hannunsu kowa ya yi asara har da su.

Tambaya daga Maraɗi: Ina da emuleta a wayata ina buga Sonic da Mortal Kombat. Ta yaya gem din kaset ya shigo waya? Kuma akwai laifi a ciki?

Akwai ƙaramar na'ura da ake soka kaset a jikinta a jona da kwamfuta, irin su Retrode, akwai kuma wadda mutane ke haɗawa da kansu da ake kira Open Source Cartridge Reader. Tana karanta duk abin da ke cikin cip ɗin ta mai da shi fayil, shi ne ake ce wa ROM. Ƙanana ne ƙwarai, Sonic na 1991 gaba ɗayansa kilobayit 512 ne, bai kai hoto ɗaya na wayarka ba, Super Street Fighter II da ake ganin ƙato ne a lokacin megabayit 5 ne kacal.

Amma kwafewa kawai bai isa ba, in haƙorin kaset ɗaya yana da datti fayil ɗin zai fito da kuskure kuma ba lallai ka gane ba sai ka kai mataki na shida gem ya daskare. Shi ya sa masu rumbun No-Intro suke lissafa wata lamba ta musamman daga kowane fayil, kamar zanen yatsa, ko ɗigo ɗaya ya canza lambar za ta canza. In mutum biyu a ƙasashe daban suka kwafi kaset iri ɗaya lambar ta zo daidai, to an tabbatar. Na faifan CD kuma Redump ke yin irin wannan aikin.

Ita kuma emuleta manhaja ce da ke kwaikwayon kayan cikin na'urar, a Mega Drive akwai cip ɗin lissafi Motorola 68000 da Zilog Z80 da cip ɗin sauti na Yamaha YM2612. Sautin nan ya ba mutane wahala, har sai da aka fasa cip na dangin Yamaha ɗin aka ɗauki hoton cikinsa da madubin ƙara girma aka bi layukan ɗaya bayan ɗaya kafin aka samu kwaikwayo na sosai. In kana son mai kyau a waya ka nemi RetroArch ka sa Genesis Plus GX a ciki, a kwamfuta kuma BlastEm. In ka ji kiɗan Sonic ya fi sauri a waya fiye da yadda ka sani a da, ba wayarka ba ce, Sega ta Turai tana sauya hoto sau 50 ne a daƙiƙa, ta Amurka da Japan sau 60, duk wanda ya taso da ta Turai a hankali ya san kiɗan.

Batun laifi, ta fuskar doka emuleta ita kanta ba matsala ba ce, amma gem ɗin har yanzu mallakar masu shi ne ko da sun daina sayarwa, sauke shi daga intanet keta haƙƙin mallaka ne a dokokin yawancin ƙasashe. Ko ɗakunan karatu a Amurka da suka nemi a ba su dama masu bincike su riƙa buga tsofaffin gem daga nesa, ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi a Oktoban 2024. Ta fuskar addini kuwa ka tambayi malamai, wannan ba fagena ba ne. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne shafukan saukewa, fayil ɗin Mega Drive yana ƙarewa da md ko bin ko gen, ko a dunƙule a zip, duk wanda ya ba ka apk ko exe ya ce Sonic ne ka gudu.

Tambaya daga Kaduna: Malam gaskiya ni ina ganin wannan aikin turawa ne da suka koshi, mu me zamu iya yi a ciki?

Na ji ka, kuma ba na cewa kowa ya bar neman abinci ya koma goge kaset. Amma ka lura, an rubuta tarihin Sega a Japan da Amurka, an rubuta na Brazil inda kamfanin Tectoy ya ci gaba da ƙera ta shekaru bayan kowa ya daina, namu na gidajen gem fa? Shagon nan mai benci da talabijin da janareta, ana biyan kuɗi a buga ƙwallo wanda aka ci ya miƙa hannu ga na layi, sunayen da muka laƙaba wa gem da 'yan wasan ciki, nawa ake biya, daga wace kasuwa ake sayo kaset, wannan babu Baturen da zai rubuta mana. Kuma jabun kaset da jabun na'urori da suka cika kasuwanninmu su ne aka fi rashin bayanansu, domin babu kamfanin da ya ajiye lissafinsu, masu adanawa suna karɓarsu hannu biyu.

Ba sai kana da na'urar kwafi ba. Wayarka ta isa. Ka ɗauki hoton kaset gaba da baya a wuri mai haske, da ƙasan na'urar inda lambar samfuri take, da kwali ko takarda in akwai, in kana iya kwance shi ka ɗauki allon ciki yadda rubutun kan cip zai karantu. In akwai dattijo a unguwarku da ya taɓa riƙe gidan gem ka nemi izininsa ka naɗi hirarku, ka rubuta gari da shekara a sunan fayil ɗin. Ana iya ɗora irin waɗannan kyauta a Internet Archive, wani rumbun adana bayanai na intanet, kuma ka bar kwafi a wani wajen daban ba a waya kaɗai ba, don waya ana sacewa.

Kai kuma mai Sega ta sito, in ka buɗe wani kaset ka ga batir mai kama da kwabo a ciki, CR2032 ne, shi ke riƙe inda aka tsaya a gem irin su Shining Force. Bayan shekara 30 da wuya a ce yana da rai, mai gyaran waya zai iya cire shi da dalma ya sa maka sabo. In kuma ka ga cip mai tagar gilashi kar ka ɓare sitikar, ka mayar ka rufe ka turo mini hotonsa tukuna.