Dillalai huɗu a kan gida ɗaya: yaya za a raba la'ada?

Tambaya: Malam, ni dillalin gidaje da filaye ne a Tudun Wadan Zariya. Na samu mai saye, wani abokin sana'a kuma yana da gida a Gyallesu. Na kai mutumin, gida ya yi masa, aka sallama a kan naira miliyan 20. Ana shirin biya sai ga wasu dillalai biyu da ban sani ba, wai ta hannunsu gidan ya fito, a raba la'ada gida huɗu. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar ta faro ne tun ranar da ka goya mai sayen a mashin kuka nufi Gyallesu ba ka tambayi abokinka ba: "Gidan nan daga mai shi ka karɓo, ko akwai wasu a tsakani?"

Rabon da ya fi adalci shi ne a raba gida biyu, rabi na ɓangaren mai saye, rabi na ɓangaren mai gida. A ce la'adar kashi 5 cikin 100 ce, wato naira miliyan 1. Kai kaɗai ka kawo mai saye, 500,000 naka ne. Su ukun su raba ragowar 500,000 yadda suka ga dama. In aka bi ƙirgen kawuna 250,000 za ka tashi da shi, kuma ka buɗe ƙofa ke nan: gobe duk wanda ya tura hoton gida a WhatsApp zai ce shi ma ya yi aiki.

Amma don Allah kada ka ta da jijiyar wuya a gaban mai saye. Mutumin da ya zo da miliyan 20 ya ga dillalai na cacar baki, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne gidan na da rikici, ya ce zai je ya yi shawara, shi ke nan. A bari a biya, a sa hannu, a damƙa la'adar ga wani dattijo a sana'ar ko mai unguwa, sannan ku zauna. Tunda ba ku yi magana tun farko ba, in ta kama ka ɗan sassauta, ka sassauta.

Nan gaba, kafin ka nuna gida, ka tura wa abokin naka saƙo a rubuce: sunan mai saye, wane gida, farashin da mai gida ya faɗa da bakinsa, la'ada nawa, wa zai biya, yaya rabo. Ya amsa da "na yarda". Saƙon nan ne shaidarka in wani ya karɓi lambar mutuminka ya zagaye ka. Kai ma kada ka zagaye shi ka je wajen mai gidan kai tsaye. Hadisi ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma Zariya ba ta da girman da irin wannan zai ɓuya.

Ɗora kuɗi a kan farashi shi ne ya fi kashe ciniki. Mai gida ya ce miliyan 18, dillali na farko ya ce 19, na biyu 21, mai saye ya ji farashi uku a kan gida ɗaya ya daina yarda da kowa.

Sai takardu. Ka faɗa wa abokin sana'a gaskiyar abin da ke hannu: shaidar mallaka ce ta gwamnati da za a iya bincika a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, ko takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. In gidan gado ne, kamar da yawa a cikin birni, a tabbatar duk magada sun amince kafin a karɓi kafin alƙalami. Ranar da gida ya fita kuma, ka kira duk wanda ka ba shi ka sanar da shi, kada ya kwaso mutum daga Samaru ya tarar ana fenti.