Kafin ka zare ƙarfen farko

Ka tambaye ni yadda ake cire ƙarafan wuyan jitar bes, ta koma sumul yatsa na zamewa kamar a gurmi. Kai yaro, ka fama mini tsohon miki.

Shekarun baya wani makaɗin otal a Sabon Gari ya kawo mini jitar bes tasa ƙirar Fender Jazz, wai ya ji Jaco Pastorius, shahararren makaɗin bes na Amurka, ya yi wa tasa ta 1962 haka. Hunturu ake, katako ya bushe ƙayau. Kwana uku ina ɗumama kowane ƙarfe da bakin solda kafin in motsa shi, don haƙora gare shi a ƙasa, ka fincike shi da sanyi sai ya taho da tsokar katako. Jitar makaɗin nan tsohuwa ce, irin waɗanda aka cusa wa ƙarafa ta gefe, ta gefen na fitar da su. Ramuka ashirin na cike da siraran farin katako, na goge har tafin hannu ba ya jin gaɓa. Na ce masa, Jaco gam ɗin jirgin ruwa ya shafa wa wuyan tasa don kada tsirkiya ta ci katako, kai ka ce ba ka da kuɗinsa, to tsirkiya mai santsi za ka ɗaura. Ya ce ya ji. Ya ba ni rabin kuɗi.

Wata biyu sai ga shi. Mai kaushi ya ɗaura, ta ci katako ta haƙa kwari huɗu. Ya tsaya bakin shagon nan yana ɗaga murya wai na kashe masa kaya, maƙwabta na kallo. Cikon kuɗina har yau, kuma ya bi makaɗa yana ɓata mini suna. Wallahi ban yafe ba.

Batun gugar katako ba sai na faɗa maka ba, shekararka nawa a nan? Ku yaran yanzu, bidiyon minti biyar a YouTube sai ku ɗauko filaya. Abin da ba ku kula da shi, ƙarafan nan su ke tokare wuya. Da sun fita zai lanƙwaso gaba, sai ka ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa kaɗan-kaɗan. Ka kuma zurfafa ramukan ƙashin da ke kan wuya, inda tsirkiya ke kwanciya, in ba haka ba tsirkiya ta yi sama.

Kuɗi kuwa ka karɓe su cif tun ba ka kunna solda ba, zancen tsirkiya kuma a gaban shaida za ka yi shi.