Katangar tsaron siber ɗina ta tsufa: in taɓa ta ko in ƙyale?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da siber, wato shagon intanet, a Zango, nan Damagaram, kwamfuta takwas da wifi da nake sayar da tikitinsa. Wani yaro ne ya ɗora mini pfSense 2.3, manhajar katangar tsaro, a kan wata tsohuwar kwamfuta don ta tsare shagon, yanzu ya koma Yamai. Komai na tafiya lafiya lau. An ce in sabunta, ni kuwa tsoro nake kada in jawo wa kaina. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsoron naka na da hujja, amma ƙyale ta ya fi haɗari. Masu pfSense sun daina yi wa jerin 2.3 gyara tun Oktoban 2018. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan tana nan a buɗe a shagonka. Masu kutse kuma ba su san Zango ba balle su zaɓe ka, injinansu ne ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna gwada ƙofa. Wucewar intanet ba shaidar tsaro ba ce, ko mai gadi ya yi barci ai mutane na shiga suna fita.

Fara da duba kwamfutar kanta. Daga 2.4, wadda ta fito a 2017, pfSense ba ta hawa inji mai bit 32, wato tsohon samfurin kwamfuta. In taka irin wannan ce, babu maɓallin da zai kai ka gaba, sai ka nemo mai bit 64. Ko ta hannu ce ta wadatar, muddin tana da ramin wayar sadarwa biyu.

Ko da injin ya dace, ni ban ba ka shawarar danna maɓallin sabuntawa ba. Tazarar ta yi yawa, kuma ka san halin wutarmu, musamman da bazara. In aka ɗauke ta ana tsakiyar aiki, ka rasa tsohuwa, sabuwa ba ta zauna ba.

Ga yadda nake yi. Ka shiga Diagnostics, sannan Backup & Restore, ka sauke fayil ɗin saitinka. Duk dokokin katangar, kalmomin sirri da tsarin tikiti suna cikin wannan ɗan fayil, don haka ka ajiye shi wuri biyu kuma kada ya kwana a kwamfutar da kowa ke zama a kai. Sai ka cire tsohon faifan ajiya ka sa a aljihun tebur, kada ka goge shi. Ka sa sabo, ka ɗora sabuwar pfSense daga farko, ka zaɓi ZFS, wani tsarin ajiye bayanai a faifai, lokacin ɗorawa. Tun 2.6 shi ne zaɓin farko, kuma ya fi jure ɗaukewar wuta. Bayan nan ka mayar da fayil ɗin. Sabuwa na karanta saitin tsohuwa, amma tsohuwa ba ta karanta na sabuwa. Shi ya sa faifan cikin aljihun tebur ne hanyarka ta komawa in abu ya ƙi.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne in an canza inji: sunayen ramukan waya kan sauya, misali re0 ya koma em0, sai pfSense ta tambaye ka wanne ne na intanet, wanne na shago. Ka liƙa wa wayoyin takarda tun kafin ka zare su.

Ka yi aikin bayan ka rufe shago, da batirin da ke riƙe kwamfuta cike da caji. Tunda ka buɗe akwatin, hure ƙurar hunturun da ta taru. Kafin ka tafi gida, ɗauki tikiti ɗaya ka gwada da wayarka, don kada yaran makaranta su riga ka gano matsala da safe.